Langar Inna

Yayata Shafa'atu ba ta iya zama ba. Tun muna Damagaram haka take, ko ruwa za ta sha a tsaye take shansa, Inna ta yi faɗa har ta gaji ta zuba mata ido. Da mijinta Illiassou, mai sayar da atamfa da shadda, ya kai ta Paris a shekarar 2004 ya ajiye ta a ɗan gida mai ɗaki biyu a unguwar Goutte d'Or, na ce yau dai dole ta zauna, tunda babu tsakar gida. Ashe ban gama saninta ba. Ta share, ta goge, ta sauka kasuwa don albasa, ta hau, ta sake sauka don tattasai.

Abu ɗaya ke tsayar da ita wuri guda, shi ne cincin na Sallah. Nata ba irin wanda kowa ya sani ba ne. Ba ta sa sukari, ba ta soyawa. Takan kwaɓa fulawa da gishiri da ɗan man shanu, ta murza da kwalba har sai ya yi falan-falan, ta yanka, ta tsattsaga da cokali mai yatsu, ta gasa. Da zafinsa za ta juye a faranti ta barbaɗe da yajin ƙuli-ƙuli da citta da masoro da tafarnuwa. Abokan Illiassou suna ci suna hawaye suna miƙo hannu a ƙara musu.

A 2007 Sallar layya ta faɗo dab da Kirsimeti. Na zo hutu daga Lyon, inda nake karatu, na tarar tana rabon kayan Sallah a benen da suke zaune hawa-hawa. Maƙwabtanta 'yan Mali da 'yan Senegal sun san abin da muka sani: in aka kawo maka abinci, ka juye, ka wanke kwanon, ka mayar da shi da ɗan wani abu a ciki, ko da ashana ce. Kafin la'asar kwanukanta duk sun dawo, wani da dabino, wani da sabulu.

Saura mutum ɗaya. A hawan ƙarshe akwai wata tsohuwar Baturiya, Madam Kieffer, mai tafiya da sanda, ita kaɗai take zaune. Shafa'atu ta ce babba ba a kai masa abu a roba. Ta buɗe akwati ta ciro langar Inna, fara mai furanni ja da murfinta, wadda Inna ta zo da ita daga ɗakin aurenta ta kuma damƙa wa Shafa'atu ranar tafiya. Na ce mata kada ta yi. Ta harare ni, ta cika langar da cincin, ta haura.

Langa ba ta dawo ba.

Ranar farko ta ce tsohuwa ce, sai a hankali. Bayan mako guda ta zama mai gadin ƙofa, da ta ji ƙarar sanda a matakala sai ta leƙa. Rannan suka haɗu, Madam Kieffer ta kama hannunta da hannu biyu, ta ce abin ya yi daɗi ko da ya ƙona mata harshe, kuma kwanon nan, kai, ba ta taɓa samun kyauta mai kyau irinsa ba. Faransancin Shafa'atu a lokacin bai taka kara ya karya ba, amma wannan ta ji shi sarai.

Na ce ta hau kawai ta yi bayani, Turawa ba su san kara ba, kuma ba sa jin haushin gaskiya.

"Ke Hamdiya, ba ki da ta ido," in ji ta. "In tahi wurin sa'ar kakata in ce ba ni kwanona? Da wane bakin?"

Illiassou, bawan Allah, ya ce zai sayo mata wata langar. Ba ta ƙara yi masa magana ba sai bayan magariba.

Sai ta ɓullo da dabara. Ta sake gasa cincin, ta zuba a roba wannan karon, ta haura, wai ko tsohuwar za ta tuna. Madam Kieffer ta yi murna, ta sauko da langar daga kan kabad, ta juye cincin a ciki, ta rufe, ta mayar, ta miƙo mata robar. Kafin Shafa'atu ta juya, tsohuwar ta ja ta kicin. Ashe ita ma gwanar gashe-gashe ce. Mutuniyar yankin Alsace ce, kuma a garinsu akan yi wani abu da suke kira bretzel: a murza ƙullu kamar igiya, a naɗe shi kamar mutum ya rungume hannuwansa, a tsoma a tafasasshen ruwa mai hodar burodi, a barbaɗa gishiri mai tsakuwa, a gasa. Yatsunta sun daina lanƙwasuwa, ta daɗe ba ta yi ba. Shafa'atu ta naɗe hannun riga. Zuwa na gaba ta tafi da kanwa, ta ce ita ce hodarmu, ta kuma tafi da yajinta. Tun daga nan bretzel ɗin gidan nan ya koma mai sa atishawa.

Da damina ta zagayo Inna ta rasu. Kafin labari ya iske mu an riga an kai ta. Abin da ta bari na ɗaki aka raba wa na kusa, mu na nesa muka samu addu'a. Ya zama duk duniya babu abin da hannun Inna ya taɓa da ya rage wa Shafa'atu sai langar nan, ga ta a bisa kanta, hawa kaɗan tsakani. Ta rame. Sai ta fara shara ta ajiye tsintsiya, ta tsaya tana kallon silin.

Shekara ta gaba Illiassou ya buɗe shago a Lyon, suka samu gida kusa da ni a Villeurbanne, gefen Lyon ɗin. Ranar tashi Shafa'atu ta rantse yau sai ta faɗa, ta haura da ƙarfinta. Ta sauko da jakar bretzel da jajayen idanu. Wai tsohuwar ta nuna mata langar ta ce tun da mijinta ya mutu babu wanda ya ƙwanƙwasa ƙofarta da wani abu a hannu sai ita.

Daga nan abin ya zama al'ada. Sallah tana ta ja baya tana barin lokacin sanyi, amma Shafa'atu ta riƙe Disamba. Kowace shekara sai ta gasa cincin da bretzel, ta hau jirgin ƙasa zuwa Paris, ta wanke langar da hannunta, ta cika ta, su yi gashi da tsohuwar, ta dawo a ranar. Nakan ce da Illiassou, matarka ta tafi gaida langa. Kowace tafiya da niyyar faɗa take fita, kowace dawowa hannu rabbana take shigowa, ta yi kwanaki tana canza wa kujeru wuri. Ni kuwa gaskiya na tsani tsohuwar nan, duk da sau ɗaya na taɓa ganinta. Haushi nake ji a ce mutum ya riƙe gadon marayu yana zuba biskit.

A ƙarshen 2016 wani mutum ya buga waya, ya ce shi ɗan Madam Kieffer ne, mahaifiyarsa ta rasu, ta bar saƙo. Na raka Shafa'atu Paris. Muka tarar da gidan cike da kwalaye. Ɗan, wani mai furfura da ke zaune a wata ƙasa, ya miƙo langar a naɗe cikin tawul. Akwai nauyi. Shafa'atu ta ɗaga murfi, sai ga ƙunshin gishirin nan mai tsakuwa.

Ya ce mahaifiyarsa ta gargaɗe shi kada ya kuskura ya mayar da ita babu komai a ciki. Na tambaye shi wa ya koya mata wannan. Ya ce ai ta daɗe da sani, tun shekarar farko wata 'yar Mali da ke zuwa yi mata shara ta ga langar ta faɗa mata yadda ake yi.

"To me ya hana ta mayarwa?" Muryata ta fi yadda na so tashi.

Ya sunkuyar da kai. "Ta ce in ta mayar, matar nan ba ta da sauran dalilin hawowa."

Na buɗe baki zan yi masifa, Shafa'atu ta taka mini ƙafa. Ta tambaye shi ko tsohuwar ta sha wuya, ya ce a'a, a barci ne. Ta yi masa ta'aziyya doguwa irin ta gida, shi kuma yana ta gyaɗa kai.

A jirgi ta ƙi ɗora langar a ma'ajiyar kaya, ta rungume ta a cinya. Na yi zaton zan ga farin ciki, abin da ta yi shekaru tana bi ga shi ya dawo, ko kwarzane babu. Ta zuba wa taga ido har gidajen Paris suka ƙare, gonaki suka fara wucewa. Can ta juyo ta dube ni.

"Hamdiya, to in Disamba ta zo, ina za ni?"