Ramin da Ba Ni Na Haƙa Ba

Har gobe ba zan manta da safiyar da sojoji suka zo suka ɗauke ni daga buro, wato ofishinmu, a Arlit ba. Lokacin tawayen Abzinawa na biyu ne, ina malamin gona mai kula da garake, wato lambuna, na bayan gari.

Gwaji muke yi da garin gawayi. Ƙasar can yashi ce, ba ta riƙe ruwa. In aka daka gawayi aka cuɗa da taki, ƙananan halittun ƙasa, waɗanda ido ba ya gani, sukan samu wurin zama a ƙofofinsa. Su ne ke fitar da wani ruwa mai kama da yawu, ya narkar da taki har shuka ta iya ci. Ba mu da kayan awo, don haka sai mu binne ƙyallen auduga, mu kafa tsinke a kai. In an tono aka ga ƙyallen ya cinye, ƙasa tana da rai.

A garkar wani dattijo Ba'abzine, Agali, muka yi wannan aiki, kuma garkar tana bakin hanyar da motocin soji ke bi. A wancan lokacin nakiya ake binnewa a hanyoyi.

Da na isa garkar, na tarar da Agali durƙushe a rana, an kwance masa rawani, buhunan baƙin gari a gabansa. Adjidan, wato babban sojin da ke wurin, ya ce, "Kai ne malamin? Ya ce kai ka sa shi haƙa."

Na ce, "Ni ne, ranka ya daɗe. Gawayi ne da ƙyalle."

"To tone su. Da hannunka."

Sojojin suka ja baya can nesa, bindigogi na kallona. Na bi tsinkayen ɗaya bayan ɗaya ina fito da ƙyallaye. Sai wani soja ya nuna gindin shinge, daf da hanya. Sabuwar ƙasa ce a wurin, babu tsinke. Ba ni na haƙa ba.

Shingen a karye yake, kowa na iya shigowa. In na ce ban san ramin ba, Agali ya tafi ke nan. In na ce nawa ne, ni zan sa hannu a ciki.

Agali ya ce, "Malam Hamisu, nawa ne. Na so in gani ko ƙasar da ban ba taki ba ita ma za ta ci. Bari in tona."

Adjidan ya ce a'a, malamin zai tona.

Na durƙusa ina jan yashi da yatsu kaɗan-kaɗan, gumi na shiga idona. Yatsana ya taɓa wani abu. Da na ja, sai ga guntun tsohon zane, gawayi manne a jikinsa.

Adjidan ya juya shi da bakin takalmi, ya ce a mayar wa tsoho rawaninsa. Agali ya naɗa, bai dube ni ba. Kafin damina ya bar garkar ya koma wajen danginsa a Dannet.

Ku da kuka shigo aikin malamin gona yanzu, gwajin namu ne, amma gonar ta mutum ce, kuma shi ake fara kamawa. Tun daga ranar ban ƙara binne ko tsinke a ƙasar wani ba sai na tambayi kaina wa za a durƙusar a rana saboda shi.