Farfesa Mai Goyo da Ƙanenta na Cikin Kwalba

Haihuwa da Karatu

An haifi marigayiya Farfesa, wadda aka fi sani da Mai Goyo, a shekarar 1949, a wani ƙaramin gari na bakin layin dogo. Mahaifinta mai gyaran agogo ne, mahaifiyarta ungozoma, kuma 'ya'ya biyu Allah ya ba su, ita da ƙanenta Auta. Ta kammala digirin digirgir a 1977 a fannin nazarin ƙwayoyin halitta, wato ƙananan abubuwan da suka haɗu suka zama jikin mutum, waɗanda ido ba ya gani sai da na'ura.

Aiki

A 1981 cutar jini ta kama Auta. Kafin rasuwarsa ya amince aka ɗebi ɓargonsa, yana tsokanarta da cewa, "Yaya, tunda kin fi son abin da ke kwalba, to ga ni nan." Ta raya ƙwayoyin ɓargon nan cikin kwalabe a ɗakin gwaje-gwajenta, alhali manyan masana sun ce ba za su yi wata guda ba. A 1983 na'urar da ke ɗumama su ta lalace, kuma in sun yi sanyi shi ke nan, binciken ya tafi, abin da ya rage mata na Auta ma ya tafi. Sai ta ɗaure kwalaben a jikinta da zane, da su take koyarwa, da su take cin abinci, har kayan gyara suka iso. Abokan aiki suka sha dariya, suka laƙaba mata suna Mai Goyo, ita ko a jikinta.

Aure da Iyali

Ta auri wani malamin lissafi mai haƙuri a 1984. 'Ya'yansu sun taso suna kiran kwalaben Kawu, har in ta makara su ce, "Mama na wajen Kawu."

Karramawa

Da ƙwayoyin nan ta gano yadda cutar ke farawa, binciken da ya kai ga magani a 1998. Ta zama farfesa, ta karɓi lambobin yabo na gida da waje, jami'o'i uku suka ba ta digirin girmamawa. Duk masanin da ya nemi ƙwayoyin kyauta take ba shi, da sharaɗi ɗaya: kada a bar su su ji sanyi.

Rasuwa

Ta rasu a 2021 bayan gajeriyar jinya, aka binne ta kusa da Auta. Ta bar mijinta da 'ya'ya uku: likita, tela da matuƙiyar jirgin sama. Ta kuma bar Kawu, wanda har yau yana nan da ransa.