"Haka Ne, Yallaɓai" Ta Rushe Aikin Dattijo

A lokacin ni direba ne a wani kamfani a Doha, matashi ɗan Gusau mai rawar kai, ina kwana ɗaki ɗaya da 'yan gida a unguwar Fereej Abdel Aziz. Abin da na sa a gaba kawai shi ne kada wani ya kai ƙarata wurin kafil, wato ubangidan da ya tsaya mini na shigo aiki, don a ƙasar ƙara ɗaya ta isa a haɗa maka jaka. Ana haka sai kamfani ya haɗa ni da wani tsohon Bature mai koyarwa a wata jami'a, in riƙa kai shi ina ɗauko shi.

Mutumin nan ya ƙarar da ƙuruciyarsa da tsufansa a kan harshe ɗaya, wai shi Basque, na wasu mutane da ke zaune a duwatsun tsakanin Sifaniya da Faransa. Ya ce masana sun duba ko'ina ba su samo wa harshen ɗan'uwa ba, shi kuwa ya dage danginsa suna Afirka. Ranar da ya ji ina waya da mahaifiyata da Hausa, ranar na shiga uku. Muna maƙale a cunkoson titin Corniche, rana na dukan gilashi, na baya na ta danna mini hon, shi kuma sai ya kunna rikoda ya furta wata kalma ya tambaya ko muna da irinta. Kullum fa! Ko kasuwar Abu Hamour na kai shi sayen lemo, sai ya ɗaga albasa ya ce me kakata take kiranta.

Da farko gaskiya nake gaya masa, cewa ba mu da kalmar. Sai in hango ta madubi ya yi jugum kamar an yi masa rasuwa. Ni kuwa a gidanmu ba a koya mini duban mai furfura in ce ya yi kuskure ba. Abokan ɗakina suka ƙara zuga ni, wai mene ne abin wahala, in ce masa haka ne, khalas, wato shi ke nan, kowa ya huta. Na bi shawarar banza. Ya faɗi kalma, in ce lalle tsofaffin ƙauyenmu suna faɗin mai kama da ita. In ya matsa, in lanƙwasa harshe in ƙirƙiro masa. Ya yi ta murna yana bubbuga kafaɗata, ni kuma a ganina ladabi nake yi. Ashe ramin ƙarya ƙurarre ne.

Da ya kusa gama littafinsa, wanda ya ce shi ne na ƙarshe kafin ya yi ritaya, sai ya tura muryata ga wani farfesa Bahaushe a Nijeriya don ya duba masa. Amsa ba ta daɗe ba: yawancin kalmomin ba Hausar kowane gari ba ce. Da ya shigo mota ya gaya mini, na zaci zagi zan sha, har na fara hango kaina a jirgin gida. Bai zage ni ba, da ma zagin ya yi. Roƙona ya yi in zauna in ware masa na gaskiya daga na ƙarya, ko ya tsira da wani abu. Wallahi na saurara har kaina ya yi ciwo, na kasa. Na maimaita su da yawa, har ni kaina ban san wadda na ji a bakin kakata da wadda na ƙaga muna jiran danja ba. Dole ya watsar da duka, har da na gaskiyar. Bai kai ƙarata ba. Ƙarshen zangon karatu ni na kai shi filin jirgi, na sauke masa kayansa, ya wuce.

Har yau haushi nake ji. Ina jin haushinsa, don me mai ilimi kamarsa zai ɗora aikin rayuwarsa a bakin direban da ke tsoron kora? Ina jin haushin abokan nan nawa masu ba da shawara a kwance. Amma haushin kaina ya fi duka, don na koyi cewa girmama babba daban, yaudararsa daban. 'Yan'uwana masu aiki a ƙasar mutane, in babba ya tambaye ku abin da kuka sani, kuma ba haka yake ba, ku rusuna ku ce masa a'a. Ɓacin ransa na yini ɗaya ne. Ni na tsira da aikina, dattijon da bai taɓa cutata ba ya koma gida hannu rabbana.