Wayar da Aka Sa Barci

Ko ƙasa ta rufe idona ban ce zan manta da bazarar da aka sa wayata barci ba.

Ɗana na fari yana fataucin busasshen kifi a bakin dam ɗin Mbakaou, can wajen Tibati. Mu yadda aka raine mu, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta tambayar lafiyarsa a gaban mutane, balle ta ɗaga waya ta neme shi. Shi ya san haka. Sai ya saya mini waya babba, ya riƙa aiko da saƙon murya, tunda ban yi karatu ba. In ta yi ƙara in shiga ɗaki in saurara. Ban taɓa mayar masa da amsa ba, bai taɓa nema ba.

Bazarar nan Garoua ta yi zafi, wuta kuma sai a ɗauke ta yini guda. Na kai wayar wurin mai caji a bakin kasuwa, dattijo ne mai kirki. Da zai miƙo mini ya ce, "Hajja, na gyara miki ita. Yanzu in ba ki taɓa ta ba sai ta yi barci, ta saki rezo. Batir zai daɗe."

Na ce, "Mutum ma ya sami barci a zafin nan, balle waya?"

Ya yi dariya, na yi godiya. Ni mai tattali ce, ashana ɗaya ba na yarwa. Ban san rezon da take saki, wato sabis, shi ne hanyar da muryar ɗana ke bi ba.

Wayar ta yi shiru. Batir kuwa cike, kamar yadda ya faɗa. Ina ajiye ta kusa da turmi, ina daka ina kallonta. Ƙanwata ta ce, "Yaya, ki kira yaron nan mana."

Na ce, "Yaushe kika ga na fara?"

Ranar wata Juma'a da hantsi wani abokin fataucin ɗana ya yi sallama, riƙe da jakar da na sani. Bai buɗe baki ba na gane. Zazzaɓi ne, sun binne shi jiya. Ya ce, "Inna, ya yi ta aiko miki. Mun ce mu kira, ya hana, wai ba a yi miki haka."

Ya karɓi wayar, ya ɗan latsa. Sai ta farka, ta shiga ƙara, saƙo na bin saƙo, a gaban matan da suka fara shigowa gaisuwa. Na shiga ɗaki na rufe ƙofa.

A saƙo na farko yana wasa, wai sauron dam ya kayar da shi. Na tsakiya ya ce in sa kawunsa ya zo da mota ya kai shi asibiti. Na ƙarshe da ƙyar nake jin muryar: "Inna, na san kin ji. Kunya ce ta hana ki. Ba komai."

Ya tafi yana zaton na ji na yi shiru.

Ban riƙe mai caji a raina ba, alheri ya nufa. Amma tun ranar, duk abin da aka ce zai yi mini tattali sai na tambaya me zai rufe kafin in yarda. Jikokina kuwa, ranar da ban ji muryarsu ba ni nake nemansu, kuma da sunansu nake kira.