Kasa Ce Ko Ƙasa

Ni malamin gona ne a lokacin, ƙarƙashin ofishin aikin gona na Funtuwa. An ba ni babur, an ba ni yanki daga Dayi har bayan Ƙarfi, aikina in koya wa manoma zuba takin zamani da shuka auduga a layi. Sai dai Allah ya yi ni da tambayar tsiya. Mutumin da aka aike ni in koya wa, kafin in tashi na mai da shi malamina.

Haka na haɗu da wani tsoho Bamaguje a wata unguwa kusa da Ƙarfi. Bai taɓa shiga aji ba, amma ya san ƙasa kamar yadda mace ta san tukunyarta. Zai ɗebi ƙasa ya sansana, ya ce wannan dawa take so, waccan gyaɗa, waccan kuwa a bar ta ta huta. Na gwada shi da gonakin da muka riga muka auna a ofis, bai kuskure ba. Abin ya tsaya mini a rai. Duk abin da ya faɗa sai in rubuta a bayan littafin rahotona, har baya ya fi gaba cika.

Da na ce masa ina so in mai da maganganunsa littafi, ya yarda. Sharaɗi ɗaya ya kafa mini: kada in sa masa abin da bai faɗa ba. Na rantse masa.

Na aika wa masu buga littattafai a Zariya, damina ta wuce, kaka ta wuce, shiru kamar an aiki bawa garinsu. Zuciya ta ɗebe ni, na ce ni zan buga abina. Akwai tafireta a ofis, akwai injin gurza takarda. Na sayi sitansil, takardar da ake bugawa a kai kafin a gurza, da takarduna, in an tashi aiki sai in zauna ina caccaka da yatsa biyu har a kira la'asar. Matata ta ɗinke kwafi ɗari biyu da allura da zare, tana yi tana mitar na mai da ɗakinta ɗakin tela. Na zuba su a jakar babur, na bar wasu wurin mai shago a bakin tashar Malumfashi, wasu na sayar da kaina ranar kasuwar Dayi. Wallahi ranar da na ga baƙo, wanda ban sani ba, zaune a inuwa yana karanta ni, ƙafata ba ta taɓa ƙasa ba har na isa gida.

To, tafiretar nan ta Turanci ce. Ba ta da ƙugiya, wato ƙ da ɗ da ɓ duk babu. Na lura tun farko, na ce ai Bahaushe zai gane. Mu da muka saba da karatu idonmu ne ke gyara mana, ba ma ko sanin mun gyara. Abin da na manta shi ne ba mu na rubuta wa ba.

Babban ɗan tsohon Kirista ne, da gemunsa ya koyi karatu a ajin coci, inda aka koya musu cewa harafi mai ƙugiya daban, mara ƙugiya daban. Shi ya tara mutanen unguwa ya karanta musu, a hankali, harafi bayan harafi. Maganar uban da na fi so ita na sa a shafin farko: in ka ga ƙasa ta kwanta lumus bayan ruwan fari, durƙusa ka damƙe ta, ka kai hanci. Shi kuwa bawan Allah ya karanta abin da ya gani, kasa, macijiyar nan mai kisa. Aka ce mutane har birgima suka yi don dariya.

Da dariyar ta tsaya nan, da sauƙi. Amma dama akwai masu cewa tsohon asiri yake yi wa gonarsa. Sai labari ya bi kasuwa, wai ga shi a rubuce, da macizai yake noma. Matasa suka riƙa tsokanarsa a hanya, suna tambaya ko yau ya sha ƙamshin kasa. Ya daina fitowa gindin kukar da yake zama. Ɗan ne ya tare ni a Dayi ya faɗa mini, ba faɗa ba zagi, wanda ya fi zagin ciwo. Kunya ta rufe ni, na ji haushin kaina kamar in mari kaina.

Ina da saura kwafi sittin a gida. Muka bi su da biro ni da matata, muna lanƙwasa kan kowane harafi. A nan na san yawan ƙasa a littafin da aka rubuta a kan ƙasa! Waɗanda aka saya kuwa sai farauta. Ga shi lokacin rabon taki ne, na nemi hutun kwana uku, maigidana a ofis ya ce gwamnati ba marubuci ta ɗauka ba. Sai na haɗa biyu. Ko'ina na tsaya rabon taki, in tambayi wanda ke da littafina, in karɓa in gyara a kan tankin babur. Wani a Mahuta ya ƙi ba ni, ya ce nasa ya fi daɗi a haka. Rahotona ya makara sau biyu, na sha takardar gargaɗi, kuma na cancanta.

Sai da na yi wata guda kafin na iya tunkarar tsohon. Na same shi a bayan rumbu yana gyara ƙotar fartanya. Na durƙusa na ba shi haƙuri, na bayyana masa cewa wata 'yar lanƙwasa ce injin bai da ita. Na zaci zai kore ni. Ashe shi ma mai tambaya ne irina. Ya ce a kawo kwafin ɗansa, wanda ban gyara ba, in nuna masa. Na ajiye gyararre kusa da shi, ya kai ido har hancinsa na taɓa takardar.

"Malam, wannan ɗan abin ne ya raba ƙasa da maciji?"

"Shi ne, Baba."

"Ai kan fartanya ne wannan. Ka je gona ba fartanya, dole ka gamu da kasa."

Na ciro biro zan gyara, ya miƙo hannu. Ya ce maganarsa ce, shi zai sa mata ƙugiyar. Ya damƙe biron da yatsu biyar kamar ƙota, na ɗora masa bakin a kan harafin, ya ja. Ƙugiyar ta fito ƙatuwa, ta haye layin sama, ta huda takardar. Sannan ya sa ɗansa ya kira mutane gindin kuka ya sake karantawa, wannan karon daidai, shi kuma yana zaune yana kallon fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya.

Bayan rasuwarsa ɗan ya kawo mini kwafin har ofis, ya ce wurina ya fi dacewa. Na buga littattafai uku bayan wannan, a injin da ke da ƙugiya. Amma wancan ne a cikin akwatina, da hudarsa a shafin farko. Iyakar abin da tsohon ya taɓa rubutawa ke nan a duniya, kuma kuskurena ya gyara da shi.