Fuskokin da Safara'u Ta Ƙi Ɗorawa

A Wudil, in ka ce Safara'u mai shafi, ba wanda zai tambaye ka wacce. Abu biyu aka san ta da su, saurin yatsa da taurin kai. Na farkon koyonsa ta yi. Na biyun kuwa, in ji mahaifiyarta, da shi ta zo duniya.

Shekarar da soja suka koma bariki ta gama sakandare. Lokacin kowa ya zama mai magana: wannan zai rubuta koke, wancan zai kafa ƙungiya, wani kuma kansila yake so. Duk takardun nan sai an buga su, sai Safara'u ta koyi tafireta. Da aka buɗe jami'a a garin, wani bawan Allah, Malam Sabo, ya kama shago kusa da ƙofar makarantar, ya zuba kwamfuta huɗu da janareta mai tari kamar tsohon mashayin taba, ya ɗauke ta aiki. Ta yi aure, ta haifi biyu, duk tana kan kujerar nan. Daga baya Sabo ya jawo intanet, shago ya koma kafe.

A nan ta haɗu da Anti Rahila, wata sakatariya a jami'ar, mutuniyar Kaltungo, wadda take zuwa buga takardun zumuntar matan cocinsu. Ita ce ta fara nuna mata bulog, wato shafin da mutum yake buɗewa a intanet ya riƙa ɗora abinsa.

"Ke, wannan hannun naki ya fi ƙarfin buga aikin ɗalibai," in ji Anti Rahila. "Buɗe shafi. Amma da imel ɗinki za ki buɗe, ba na shago ba. Lambar sirrin kuma ko ni kar ki gaya wa."

"To Anti, me zan sa a ciki? Ni ba labari gare ni ba."

"Ba gwaggonki ce ta gina min randar da nake shan ruwa ba? Duk wanda ya zo gidana sai ya tambayi inda na samo ta."

Gwaggo Auta, ƙanwar mahaifin Safara'u, ita ce babba a cikin matan da ke gina tukwane a unguwarsu. Da aka je mata da maganar, ba ta ko ɗago kai daga yumɓun da take murzawa ba.

"Wannan abin, har Legas ake gani?"

"Har Makka ma, Gwaggo."

"To ji nan, 'yar nan. Tulu ya hau, randa ta hau, kaskon turare ya hau. Hannunmu ma ya hau, ba komai. Amma fuskar mace ɗaya a gidan nan ba za ta hau ba. Akwai matan aure, akwai masu takaba, akwai waɗanda ba sa so kawai. Kin ji?"

"Na ji, na kuma yi alkawari."

Haka shafin ya tashi, kuma Safara'u ta bi shi da ƙa'idoji kamar mai rainon jariri. Ba kiɗa, ba furanni masu juyawa, ba rubutu mai ƙyalƙyali. Farin fili, baƙin rubutu. Kowane hoto sai ta rage masa nauyi kafin ta ɗora, don ta san masu dubawa da ƙananan wayoyi suke dubawa. In ta canza wani abu, sai ta hau mota zuwa Lajawa, inda sabis yake sanda ɗaya, ta buɗe shafin a wayarta 'yar China. In ta ƙirga goma bai buɗe ba, ta dawo ta sake ragewa. A ƙarƙashin kowane hoto tana rubuta mene ne, bokiti nawa yake ci, wa ta gina shi, ko da hoton ya ƙi fitowa mutum ya san abin da ke wurin. Lambar waya kuwa tana can sama, ba sai an yi ta nema ba. Duk Alhamis sai ta sa sabon abu, saboda masu shirin zuwa kasuwar Juma'a.

Sabo dariya yake yi mata. "Wannan ai takardar asibiti ce, ba shafi ba." Amma masu gidajen abinci daga Kano suka fara kira suna neman tandar waina, wata mata daga Jos ta aiko a gina mata tukwanen fure talatin. Dariyar Sabo ta ragu.

Sai dai Safara'u ta yi kuskure guda, kuma shekara uku tana yin sa ba ta sani ba. In ta je ɗaukar hoto da kyamarar shago, ɗauka take yi yadda ya zo, da mai ginin da tukunyar gaba ɗaya. In ta dawo sai ta yanke fuskar, ta ɗora sauran. Hotunan asali kuwa, da fuskoki da komai, suna nan jibge a wata jaka cikin kwamfutar Sabo.

Ana saura wata biyu zaɓen dubu biyu da sha ɗaya, ta shigo da safe ta tarar da Sabo a kan kujerarta, jakar nan a buɗe. Ga Gwaggo Auta tana dariya, ɗankwali ya zame. Ga wata amarya tana shayarwa a gefen yumɓu. A waje kuma wata baƙar mota tana tsaye, an liƙe ta da hoton wani ɗan takara.

"Malama Safara'u, ashe dukiya kika ɓoye mana!" in ji Sabo. "Mutanen Honarabul ne a waje. Suna so a sa hotonsa a saman shafin, a jera waɗannan a ƙasa, a rubuta matan da ya tallafa wa. Duk aikin buga fastocinsu na zaɓe mu za a ba."

"Ya taɓa taka gidan?"

"Zai taka bayan zaɓe."

"Oga, hotunan nan ba na ɗorawa ba ne. Na yi wa matan nan alkawari."

"Alkawari da masu tukwane? Su da ko kunna kwamfuta ba su iya ba, ina za su gani?"

"Ni na iya ai. Ni zan gani."

Sabo ya gyara hula. "Bari in tuna miki. Kyamara tawa, kwamfuta tawa, wuta tawa. Ki ba ni lambar sirrin, ko ki ɗora da hannunki. In kin ƙi, na ba su hotunan a filash su buɗe nasu shafin, ke kuma ki nemi wani shagon."

Safara'u ta dubi kwamfutar. Shekara goma take nan, ta san kowace waya da ke bayan teburin nan. Ta kuma san cewa a jakar akwai hotunan tukwanen marigayiya Suwaiba, gwanar randa, waɗanda babu na asalinsu a ko'ina sai nan. Ba lokacin tsincewa. Mutumin motar ya fara danna oda.

"Tashi in gani," ta ce.

Sabo ya tashi yana murmushi, a zatonsa ta sauko. Ta zauna, ta zaɓi jakar gaba ɗaya, ta goge. Ta shiga kwandon shara na kwamfutar, nan ma ta share. Yatsun nan da ya daɗe yana yabo, kafin ya gane me ke faruwa sun gama.

"Ke! Kin san abin da kika yi kuwa?"

"Na sani. Kyamararka tana cikin durowa, na goge hotunan da ke katinta tun jiya. Ka ce wa Honarabul ya ɗora tasa fuskar, ai Allah ya ba shi mai faɗi, ta isa cika shafi."

"Fita min daga shago!"

"Dama tashi zan yi."

Ta ɗauki jakar hannunta da kofin shayinta, ta wuce ta gaban baƙar motar ba ta ko kalle ta ba.

Da wata ce, da ta tafi gida ta yi shiru, tunda ba wanda zai taɓa sani. Safara'u kuwa gidan Gwaggo Auta ta nufa, da rana tsaka, ana fitar da tukwane daga gashi. Ta durƙusa ta faɗi komai: yadda ta bar fuskokinsu shekara uku a kwamfutar wani namiji, yadda ya gani, da abin da ta yi yau.

Gwaggo ba ta yaba mata ba. Ta ajiye sandar da take juya toka, ta dube ta tun daga sama har ƙasa.

"Wato ya gan ni ba ɗankwali."

"Ya gani, Gwaggo."

"Na ce miki kar ta hau, ke kuma kika ajiye ta a bakin hawa. Tashi ki ba ni wuri."

Sati uku ba a bar ta ta shiga gidan ba. Sati ukun nan shafin bai samu sabon hoto ba, sai rubutu kawai, wanda take ɗorawa daga kwamfutar Anti Rahila lokacin hutun rana. Ba ta aika kowa ya roƙa mata ba, ba ta kuma koma wa Sabo ba, duk da sau biyu yana aike.

A sati na huɗu Gwaggo ta aiko a kira ta. Ta tarar da matan sun jera sababbin tuluna a inuwa, su kuma sun koma bayanta sun tsaya.

"Ga su nan, ɗauki," in ji Gwaggo Auta. "Mu muna nan bayanki. Duk wanda kika ɗauka, ki juyo ki nuna min kafin ki ɗauki na gaba."

Safara'u ta ciro wayarta, ta ɗauki na farko, ta juya ta miƙa. Gwaggo ta kai shi kusa da ido, ta daɗe tana dubawa.

"Wannan ya karkace. Sake."