Hannun Hagu na Jibril

Sunansa Jibril, amma a duk unguwar Kwarbai, Bahago ake ce masa, don da hagu yake komai. Shekara goma sha ɗaya ya yi yana tura kura, amalanken nan na katako, daga kasuwa zuwa lungunan birni. A 1986 ya samu tsohuwar a-kori-kura. Sunan motar kansa tsokana ne ga tsoffin abokan aikinsa, amma ba su damu ba, don ba ta iya shiga lungunanmu. Da ta ɗauki kaya ta faɗa rami, sai gindinta ya daki ƙasa. Titi nata, lungu nasu.

Da daminar 1988 Bahago ya kai ta wurin Lawal makanike. Aka cire shokozobanta da suka mutu, aka sa manya masu ƙarfi, aka ƙara ganyen sifirin biyu. Motar ta ɗaga sama da taƙi guda. Ranar Laraba ta shiga da buhun masara ashirin har cikin lungun unguwar Limancin Kona, inda mota ba ta taɓa zuwa ba. Kafin mako ya zagayo, masu kaya sun daina kiran 'yan kura.

Ina ƙofar gidanmu bayan la'asar suka tare shi, su bakwai. Ƙasimu ne a gaba, wanda ya koya masa tura kura.

"Sauko, direba," in ji Ƙasimu. "Kura aka ce ka kora, ga kurayen sun kawo kansu."

"Haba Yaya Ƙasimu, ni da kai?"

"Yau ka tuna da yaya?"

Dutse ya tarwatsa gilashin gaba. Suka fizgo shi ta taga, suka rufe shi da duka har jini ya rine masa riga. Na yi ihu, ba wanda ya waiwayo. Wani ya ɗauko ƙarfen ƙafar kura, ya tambaya, "Wane hannun?"

"Hagu mana, jaki! Ba ka ji sunansa ba? Mu ga da me zai yi tuƙi."

Suka shimfiɗa hannun a bakin kwata. Sau biyu ƙarfen ya sauka. Har yau in aka karya rake kusa da ni, sai na kau da kai.

Mai ɗori ya yi iyakar ƙoƙarinsa, amma hannun ya warke a karkace, yatsu uku ba sa motsi. Sai dai cikin su bakwai ɗin babu wanda ya taɓa zama a gaban mota. Ba su san giya a dama take ba.

Bayan wata biyu da kwana tara Bahago ya ɗora karkataccen hannun bisa sitiyari, ya sa giya da dama, ya kutsa lungun da buhu ashirin. Ƙasimu na zaune kan kurarsa a bakin hanya. Bahago ya tsaya, ya yi masa sallama, ya jira har Ƙasimu ya janye kurar ya ba shi hanya.